Daga Ƙonni zuwa Alela: ina babur mai salansa biyu ya shiga?

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Ƙonni daren Laraba ya san cewa ranar kasuwa ba zakara ke tashin mutane ba, babura ne. Tun ba a sallame sallar asuba ba suke kwararowa ta kowace kusurwa, daga Tsarnawa, daga Bazaga, daga Illelar Najeriya da ke can ƙetaren iyaka, ɗauke da buhunan albasa da jarkoki da kaji a rataye, wani lokaci har da rago kwance bisa cinyar mai shi. Kukansu kusan iri ɗaya ne, siriri mai kaifi kamar na injin markaɗe. Amma jefi-jefi, can cikin wannan hayaniya, kunnen da ya saba yakan tsinkayi wata murya dabam, mai kauri, mai natsuwa, wadda ba ta gaggawa. Dattawan da ke zaune a teburin mai shayi sukan ɗaga kai tun ba su ga abin da ke tafe ba, domin sun riga sun gane shi: tsohon Honda ne mai salansa biyu.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata tsohuwar gardama tsakanin ma'abota babur, wadda har yau ba a raba ta ba. Wani ɓangare ya riƙe manyan babura masu nauyi, masu silinda biyu, irin su Harley-Davidson da BMW da Triumph. Ɗaya ɓangaren kuwa ya fi son baburan tsere na zamani, masu rigar roba da silinda huɗu, waɗanda mahayinsu ke kifewa bisa tanki kamar mai laɓe. Mai karatu zai iya cewa wannan zancen ƙoshi ne, bai shafi mutumin Dogarawa ko na Tajaye ba. Sai dai gardamar ta riga ta iso nan ta cikin wayar salula. Yaran gareji na kallon hotunan baburan tsere suna haɗiyar miyau, iyayen gidansu kuwa suna taɓe baki, suna tuna zamanin Rodmasta. Ƙasar nan kuma tana da abin cewa a kan batun, tun da ta ga kowane iri ya taka ta.

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace abin da ke cikin ƙarfen. Silinda ita ce tukunyar da mai ke kamawa da wuta a cikinta, ya tura fistan ƙasa, fistan ya juya ƙarfen da ke kai ƙarfi ga taya. A injin da ba a gauraya masa baƙin mai da fetur, silinda guda tana bugawa sau ɗaya ne cikin kowane juyi biyu. In silinda biyu ce irin ta tsofaffin Honda, fistan biyun tare suke hawa tare suke sauka, amma bugun karɓa-karɓa ne, kamar mata biyu a turmi guda: wannan ta saki taɓarya, waccan ta ɗaga. Kowane juyi da bugunsa. Daga nan ne wannan murya mai kauri ke fitowa, daga nan ne kuma babur ke samun ƙarfin ja tun injin bai ɗauki zafi ba. Babur ɗin tsere kuwa an raba masa aikin ne tsakanin ƙananan fistan huɗu marasa nauyi, waɗanda ke iya juyi fiye da sau 12.000 cikin minti guda. Ƙarfinsa na gaske yana can sama, sai an murɗa masa wuta ya yi kururuwa kafin ya nuna ko shi wane ne.

Asalin masu silinda biyu daɗaɗɗe ne. Kamfanin Harley-Davidson na Amurka, wanda aka kafa a 1903, ya fitar da nasa a 1909. Jamusawan BMW sun fito da nasu a 1923, silinda ɗaya ta leƙo dama ɗaya ta leƙo hagu, ba su sa masa sarƙa ba, sandar ƙarfe ke juya tayar baya. Turawan Ingila suka biyo da Triumph a ƙarshen shekarun 1930, suka riƙe kasuwa har 1969, shekarar da Honda ta fitar da CB750 mai silinda huɗu. Cikin ƴan shekaru kaɗan masana'antun baburan Ingila suka durƙushe. Daga wannan tushe ne baburan tsere na yau suka tsiro.

Amma wanda ƙasar Ƙonni ta sani, ta kuma so, ba ɗaya daga cikin waɗannan ƙattin ba ne. Honda CD175 ne, wanda aka fara ƙerawa a 1967, sai ƙanensa CD185 na ƙarshen shekarun 1970, sai autansu CD200 da ake kira Roadmaster, wanda bakin Bahaushe ya mayar Rodmasta. A ma'aunin Turai waɗannan ƙananan babura ne, ƙarfinsu bai kai na doki 20 ba. To amma girma da wanda ka tsaya kusa da shi ake auna shi. A zamanin da mafi yawan masu hali mobilet suke hawa, ko Yamaha Mate, ko ɗan Suzuki mai feso hayaƙi, babur mai fulogi biyu da salansa biyu masu walƙiya, mai faffaɗan sirdi da sarƙa a rufe cikin gidanta na ƙarfe, ai giwa ne a garken tumaki.

Da yawa daga cikinsu ta Sakkwato suka biyo, wadda ba ta kai kilomita 100 daga Ƙonni ba. A 1975 ma'aikatan Najeriya suka karɓi ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, haɗe da bashin watannin baya a dunƙule, kasuwar babur ta buɗe a can kamar an fasa rumbu. A 1979 Honda ta kafa masana'antar harhaɗa babura a Ota, kusa da Legas. A wannan gefen iyaka kuma lokacin ne kuɗin uraniyom ke shigowa, albashi na faɗowa a kan kari a zamanin Seyni Kountché. Ma'aikacin da ya yi tattali yana iya tara kuɗin babur, ɗan kasuwar da albasa ta karɓe shi a shekara guda yana iya sayensa hannu da hannu.

Me mutane suka gani a jikinsa? Ba gudu ba ne. Abu na farko zama ne. Mahayin Rodmasta a miƙe yake zaune, kafaɗa a buɗe, kamar wanda ke bisa doki ranar hawan salla. Yana iya sa babbar riga ya naɗe hannuwanta a kafaɗa, ya kafa hula, ya isa wurin ɗaurin aure ba tare da ta yamutse ba, gidan sarƙar nan kuma ya hana baƙin mai taɓa bakin wando. Yana tafe yana ɗaga hannu yana amsa gaisuwa, domin babur ɗin ba ya wargi da kai in an sake shi da hannu guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da wuce mutane ba sallama ke iya zama abin magana har shekara. Na biyu ɗaukar kaya: uwargida a baya da goyo, yaro a kan tanki, buhun hatsi a kariya, injin bai canza murya ba. Na uku kuwa, wanda makanikai suka fi ambata, shi ne sauƙin hali. Iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da lagireto. Kafireto guda ke ciyar da silinda biyun. In ya ƙi tashi, abin da za a duba bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma da sifana uku da filaya da sukudireba ana iya warware shi a gindin bedi a mayar kafin la'asar.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili. Kowane babur a gari an san muryarsa. Matan gida na jin ta tun daga bakin kasuwa su aza ruwan wanka, ƴan lakwal su ji ta su ruga aji, domin mushe ya iso. Mai salansa biyu shaida ce cewa mutum ya zauna da gindinsa, yana da albashi ko rumfa, ana iya ba shi bashi, ana iya ba shi ɗiya.

Mararrabar Tsarnawa

Kilomita goma sha wani abu gabas da Ƙonni, a Tsarnawa, hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe gabas zuwa Madawa da Maraɗi da Damagaram, ɗaya ta yi arewa zuwa Tawa. Wannan ta arewa ita ce ke haɗuwa da hanyar uraniyom da aka shimfiɗa daga Tawa zuwa Agadas da Arlit a ƙarshen shekarun 1970. Ta nan ne mutanen yankin suka fara ganin manyan masu silinda biyu na ainihi. A shekarun 1980, da sanyi ya shigo, Turawa ƴan yawon duniya sukan ƙetaro hamada daga Aljeriya ta Asamaka, su gangaro har gudron Ƙonni, wasu su yi yamma zuwa Yamai mai nisan kilomita kusan 420, wasu su tsallaka Najeriya. Cikinsu akwai masu BMW, silinda biyu a baje kamar kunnuwan tulu, da akwatunan ƙarfe a kowane gefe da tanki kamar randa. Yara sukan kewaye su a gidan mai, manya kuma su tsaya nesa kaɗan suna lissafin buhu nawa wannan abu zai ɗauka.

Waɗannan baƙi sawun tseren Paris-Dakar suke bi, wanda aka fara a ƙarshen Disamban 1978, ya ratsa ƙasar Nijar tun a karonsa na farko. Karo biyu na farko Yamaha mai silinda ɗaya ce ta ci. Daga nan masu silinda biyu suka karɓe fage: BMW ta ci a 1981 da 1983 da Hubert Auriol, ta sake ci a 1984 da 1985 da Gaston Rahier, wani ɗan Beljiyam gajere wanda sai ya tayar da babur ya ruga tare da shi kafin ya ɗare. Honda ta riƙe daga 1986 zuwa 1989, ta kuma fitar da babur na kasuwa da ta raɗa wa suna Africa Twin. Yamaha ta ara sunan hamadar Tenere ta liƙa wa nata, wanda Stéphane Peterhansel ya ci tseren da irinsa har sau shida tsakanin 1991 da 1998. Abin lura a nan shi ne sunan wani yanki na ƙasar nan yana yawo a titunan duniya a jikin tankin babur, kamfani na cin riba da shi, alhali mutanen da suka ba da sunan da wuya ɗaya cikin dubu ya taɓa ɗora ƙafa a kai.

Wannan zirga-zirga ta yanke. Tawayen arewa na farkon shekarun 1990 da rikicin Aljeriya sun rufe hanyar hamada. A Janairun 2000, da tseren ya iso Yamai, sai aka kwashe shi cikin jiragen sama zuwa Libiya saboda barazanar hari. A 2009 ya koma Amurka ta Kudu, a 2020 ya koma Saudiyya.

Babur ɗin tsere na zamani, shi baƙo ne na ƴan sa'o'i a wannan yanki. Akan gan shi a Yamai ko Kano ko Abuja, hannun ƴaƴan masu hali, wani lokaci kuma ayarinsu ya ratsa ta Ƙonni ya bar mutane da toshe kunne. Ba za a raina aikin da aka zuba a jikinsa ba. Yamaha R1 da ta fito a 1998 ƙarfin doki 150 gare ta, nauyinta kuwa bai kai kilo 200 ba. Suzuki Hayabusa ta 1999 ta wuce kilomita 300 a awa, har kamfanonin suka tsorata da kansu suka yi yarjejeniyar tsayar da gudu a 299. Birkinsa na kama taya cikin ƙiftawar ido, ba kamar na Rodmasta ba, wanda sai mahayi ya fara shawara da shi tun daga nesa. Matashin da jininsa ke tafasa in ya ga irin wannan ya ji zuciyarsa ta tashi, ba a ce ya yi hauka ba. Kakansa ma haka ya ji ranar da ya fara ganin angarman doki.

To amma a ɗauko shi a aza bisa hanyar Malbaza a gani. Daga Tsarnawa zuwa Galmi gudron ne, babbar hanyar ƙasa ce, a ido kamar wurin sakin wuta. Sai dai hanyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Ga manyan motoci masu ɗaukar siminti daga Malbaza, inda masana'anta ke aiki tun shekarun 1960, aka kuma ƙara sabuwa a 2018. Ga tireloli da ke lodin albasar Galmi zuwa Abijan da Akara da Kwatano, suna tsaye rabi a hanya rabi a gefe. Ga amalanken shanu da ke fitowa daga gonakin rani ba fitila ba ƙaho, ga jakin da ya ga dama ya tsaya a tsakiya yana tunani, ga tudun rage gudu a bakin kowane gari, wanda cikin babur ɗin tsere ke gogawa domin tsakaninsa da ƙasa bai fi taƙi guda ba. Mai gudun 200 a nan bai isa ya ga akuya ya kauce mata ba. Asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, ya daɗe yana karɓar masu karayar babur, alhali mafi yawansu a kan ƙananan babura suka faɗi, waɗanda gudunsu bai kai sulusin wannan ba.

Sai maganar ciki. Babur ɗin tsere ba shi da kafireto, famfo ne da kwamfuta ke auna masa mai, kuma ba ya yafe datti. Man da aka fi sha a wannan yanki shekara da shekaru kuwa na ƴan ruwa-ruwa ne, wanda ya kwana cikin jarka, aka zuba a kwalba, aka tace da tsumma in an tace. Tsohon Honda yakan sha wannan ya yi gyatsa ya wuce, in ya ƙware a kwance kafireto a busa. Na zamani in ya ƙware sai an nemo mai na'urar da ke karanta kwamfutarsa, kayan gyaran kuma a jira su daga Legas ko Dubai. Faɗuwa guda a tsaye, rigar robar ta tsage, kuɗinta ya sayi sabon ƙaramin babur. A ƙarshe ga zaman kansa: gwiwa a naɗe, ƙirji a tanki, gindi sama. Ba wurin buhu, ba wurin uwargida, babbar riga kuwa sai dai ta zama tuta. Dattijon da ya hau wannan ya ratsa kasuwa, labarin zai riga shi isa gida.

Inda gudron ya ƙare

Adalci dai shi ne a faɗi inda mai salansa biyu shi ma ya gaza. In matafiyi ya bi hanyar Tawa ya kai Badagishiri, ya ratse yamma zuwa Illelar Adar, mazaunin Sarkin Adar, ya nemi shiga ƙauyuka, ƙasa takan canza fuska. Adar ƙasar dutse ce, fako da tsakuwa da hawa da gangara, da koramu waɗanda da rani rairayi ne, da damina kuma su cika su tumbatsa cikin awa guda. Yamma da Ƙonni kuma, wajen ƙauyukan Alela, da an sauka daga babbar hanya sai turɓaya da sawun amalanke tsakanin gonakin hatsi da wake. A irin wannan wuri nauyi ba ado ba ne. Tayar gaba takan nutse, kan babur ya ƙwace, in ya kwanta kuma sai an kira mai noma kusa ya kama a tayar. Wanda ya taɓa tura Rodmasta cikin rairayi da azumi a baki ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Shi ya sa ma'aikatan da aikinsu na daji ne, malaman gona da na dabbobi da masu allurar rigakafi da ma'aikatan ayyukan raya karkara, ba shi aka riƙa ba su ba. Yamaha DT 125 aka fi ba su, mai silinda guda, dogo, marar nauyi, mai ƙatuwar tayar gaba da ke hawa bisa rairayi maimakon ta huda shi. Ba shi da kwarjini, kukansa kamar na zuma a gora, mai babbar riga ba ya sha'awarsa. Amma shi ne ya kai maganin rigakafi inda mota ba ta zuwa. Mai salansa biyu babur ne na gari da jar hanya mai kyau, na Ƙonni zuwa Gidan Idar, na Malbaza zuwa Dogarawa.

Abin da ya kawar da shi daga hanya kuwa ba babur ɗin tsere ba ne, aljihu ne. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. A wannan tsakani ne sana'ar kabu-kabu ta kafu a Ƙonni, domin inda mota ba ta iya bi babur na bi, kuma mai wannan sana'a ƙaramin babur yake so, marar shan mai, wanda zai iya ɗagawa shi kaɗai. Daga 1986 naira ta fara zubewa, sabon babur ɗin Japan ya fi ƙarfin ma'aikacin Najeriya. A nan gida kasuwar uraniyom ta faɗi, aka shiga shekarun da albashi ke yin wata da watanni bai zo ba, sannan ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya. Wanda ke da Rodmasta ya riƙe abinsa yana lallaɓawa, wanda ba shi da shi ya cire rai.

Da aka shiga shekarun 2000 sai ga baburan Sin, Jincheng da Kasea da Haojue da ire-irensu, daga baya na Indiya, Bajaj da TVS, suka biyo. A kwali suke zuwa, a ɗaure su a bakin kasuwa cikin rabin yini. Silinda guda ce, kuɗinsu bai kai rabin na Japan ba, kayan gyaransu kuma har a teburin mai sayar da ashana ana iya samu. Dattawa sun ce gwangwani ne, ba za su yi shekara biyar ba, kuma ba su yi ƙarya ƙwarai ba. Sai dai gwangwanin nan ya yi abin da Rodmasta bai taɓa yi ba: ya sauko da babur daga hannun ma'aikaci da alhaji ya miƙa wa ɗan ƙauye. Manomin da ke da fegi a gonakin rani na Ƙonni, waɗanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, yana kai tumatirinsa kasuwa da kansa. Mai naƙuda a ƙauyen Alela ana iya kai ta gidan likita kafin gari ya waye. Masu ƙera su ma sun san zuciyar matasa, sukan ɗaura wa wasu rigar roba mai tsini da fitila mai kama da idon shaho, su yi kama da na tsere, alhali a ciki ɗan injin nan ne na kowa da kowa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shi ma man ya sauya lissafi. Shekara da shekaru arhar fetur ɗin Najeriya ce ke tafiyar da baburan yankin, ba mai damuwa da ko injin na sha da yawa. Matatar Damagaram ta fara aiki a 2011. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin wannan shekara kuma iyakar ta sake rufuwa har Maris na 2024. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar fetur a gidan mai daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma guda. Mai kabu-kabu da ke ƙirga ribarsa da dala-dala ya san bambancin baki ɗaya da baki biyu wajen shan mai.

Akwai wani sauyi da ya fi duk waɗannan nauyi. A da, ƙarar babur daga nesa albishir ce: ɗa ya dawo daga ci-rani, ko malamin asibiti ya iso. Yau a ƙauyukan bakin iyaka, in aka ji babura da yawa tafe tare bayan isha'i, ba mai fita ya leƙa. A 2015 aka hana hawan babur a jihar Difa saboda Boko Haram, a farkon 2020 aka yi haka a sassan Tilaberi. A Mayun 2019 sojan Najeriya ya haramta shi a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Sakkwato. A Nuwamban 2024 hukumomin can suka bayyana sunan Lakurawa a fili, masu ɗauke da makamai da ke yawo bisa babura a Tangaza da Gudu, kudu da wannan yanki. Babur ɗin da ƴan bindigar daji suka fi so kuwa, wanda har mutanen Sakkwato da Zamfara suka laƙaba masa sunan Boko Haram, Honda ne shi ma, ACE 125 da aka fitar a Najeriya a 2011 domin talaka. Silinda guda gare shi, ga ƙarfi ga sauƙin kai cikin rairayi, yana ɗaukar mutum uku. Halayen da suka sa ya dace da manomi su ne suka sa ya dace da ɓarawon shanunsa. Duk dokar da aka kafa a kan babur kuma, kafin ta taɓa ɗan bindiga ta riga ta taɓa mai kabu-kabu da majinyaci da malamin lakwal na ƙauye.

Tsofaffin masu salansa biyu ba su ƙare ba tukuna. Akan same su a zaurukan Ƙonni da Malbaza da Illela, an lulluɓe da tsohuwar tabarma, ana fito da su ranar Juma'a ko ranar salla. Masu su sun tsufa tare da su. Wahalarsu ɗaya ce, kayan gyara. Fistan da zobbansa na asali sun yi wuya, sai an aika Sakkwato, in ba a dace ba a aika Kano a tona cikin tsofaffin ƙarafan Ƙofar Ruwa, wani lokaci kuma a sayi mataccen babur sukutum domin a ciri abu guda a jikinsa. Makanikan da suka san sirrinsa su ma suna raguwa. Yaran da suka koya a hannunsu sun fi gane na Sin, wanda ba a gyara masa abu sai dai a cire a jefar a sa sabo.

Duk da haka, ranar da aka dace aka samu kayan, aka ɗaure injin, aka zuba baƙin mai sabo, maigidan gareji ba ya barin yaro ya tayar. Da kansa yake taka kik. In ya kama, yakan bar shi ya yi ta bugawa a hankali, ya sa tafin hannu kusa da bakin salansar dama, ya koma ta hagu, yana duba ko numfashinsu ya zo daidai. Sannan mai shi ya naɗe hannun riga, ya hau, ya bi gudron zuwa Tsarnawa a kan gudun da bai wuce 50 ba, ƴan kabu-kabu na wuce shi dama da hagu suna yi masa ƙaho, shi kuwa hannunsa na hagu na sama yana amsa gaisuwar masu sayar da albasa a bakin hanya.